Kunne Na Huɗu

Litinin, 3 ga Maris, 1884
Wani Bature mai zane ya sauko rafi muna wanki, ya haye dutsen shanyarmu ya zauna kamar gadon ubansa. Ni ya zaɓa, wai in tsaya da kwando a ka. Zelin, abokiyar wankina, ta ce, "Ismeri, saki fuska mana, Faransa za a kai ki." Kallabina kawai na gyara, kunnuwan ɗaurin uku a tsaye, yadda nake yi tun da aka ɗaura mana aure da Anatol.

Asabar, 8 ga Maris
Ya gama. Bai nuna mini ba, ni ma ban tambaya ba. Wuyana ya ƙage.

Lahadi, 16 ga Maris
Muna fitowa daga coci na ga mata suna kallona suna rufe baki. Zelin ta ja ni har tagar wani kanti a babban titi. Ga ni nan a cikin zanen Baturen, kwandona, zanin jikina, har tabon gwiwar hannuna. Amma kunnuwan kallabin huɗu.

Huɗu! Ko yaron goye a garinmu Saint-Pierre ya san karatun ɗauri. Ɗaya, ba ki da kowa. Biyu, an yi miki kamu. Uku, matar aure. Huɗu kuwa, duk wanda ya zo akwai wuri.

Laraba, 19 ga Maris
Na je masaukin Baturen. Dariya ya yi. Wai da uku kan ya karkata gefe guda, sai ya ƙara ɗaya don zanen ya daidaita. Na roƙe shi ya goge, ya ce fenti ya bushe, kuma zanen ya zama na mai kanti. "Ai ƙyalle ne kawai," in ji shi. Na tsane shi, har da farar hularsa.

Juma'a, 28 ga Maris
A wurin aikin kafinta abokan Anatol sun daina gaishe shi da baki, yatsu huɗu suke ɗaga masa. Uwarsa, Man Sidoni, ta ce dama ta san halin matan rafi. Nata bai dame ni ba. Nasa ne.

"Bature abin da ya gani yake zanawa," in ji Anatol. "Ina ya san huɗu in ba a kanki ya gani ba?"

Ni Anatol ya sani, Baturen kuwa ko ganinsa bai taɓa yi ba. Amma fenti ya gaskata.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Anatol ya bi jirgin masu haƙar mashigin ruwa zuwa Panama. A bakin maƙwabta na ji.

Litinin, 12 ga Mayu
Tagar kantin wayam. Mai kanti ya ce wani matuƙin jirgi ya saya, ya tafi da shi Bordeaux ta Faransa. Za a rataye ni a falon wasu, su riƙa cewa haka matan tsibirinmu Martinique suke, masu fara'a.

Na daɗe tsaye a wurin. Ashe kullum ta nan nake biyowa da kayan wanki, alhali hanyar ta fi nisa. Matar cikin zanen nan ta iya tsayuwa, ba ta sunkuyar wa kowa kai ba.

An ce jirgin Panama ya iso shekaranjiya. Ban je na tambayi labarin Anatol ba. Aiki ne ya yi mini yawa.