Wuyan Jita da Wuyar da Nake Sha

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya matarka da yara? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na ga saƙonka, wai in gwada maka jitar bes biyu, irin masu kaurin muryar nan, ƙirar hannu, in zaɓi wadda za ka saya, tunda a shagon da ake sayar da su nake aiki. Allah ya shirye ka! Goge su nake yi, da safar hannu kuwa. Shekara goma sha takwas ina koyar da adabi, yau ga ni a ƙasar waje ina yi wa katako hidima.

Amma tunda ka tambaya, mai tsirkiya huɗu ba ta da nauyi, muryarta garau. Mai biyar kuwa har cikin haƙarƙari ake jin ta. Ita ta fi min, don tana gunaguni irin nawa.

Kullum da safe mai shago yakan kanne ido ya duba wuyan kowacce, kada ya karkace. Rannan na ce masa a yarenmu, da wuyan jita da wuyar rayuwa sunansu ɗaya. Ya yi dariya. Da na nemi fasfona da ya riƙe, sai ya ce ai yana ajiye a wuri mai kyau.

Don haka bana ma ba zan zo ba. Ka ɗauko takardar kwangilata a akwatin Inna ka kai wa lauya, a makon nan. In ta tambaya, ka ce takardun makaranta kake nema.

Allah ya yi maka albarka, sarkin kiɗa.

Yayarka