Ƙarar Injin Kalilu

Gatawa, Lahadi

Zuwa ga Yaya Illo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Har yau babu sabis, shi ya sa na ba mai babur takardar nan.

Tsohon jirgin da na saya hannun masunta, wanda ka ɗora wa injin motarka, yana aiki tubarkalla. Tun da 'yan bindiga sunka tare hanyar Isa, ni ke kai mutanenmu kasuwa da asibiti ta gulbi. Sai dai injin ya gado bakinka, Yaya, bai iya magana a hankali ba. A kwanar da gulbi ya matsi daji, inda mutanen nan ke shayar da shanun sata, kowa riƙe numfashi yake, shi kuwa yana ta ruri. Don haka na sa kafinta ya yi mashi akwati, na lulluɓe da buhunna. Yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Ka yaba mani mana.

Ƙanenka,
Kalilu

Isa, Talata

Kalilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka gaida matarka Mardiyya da yara.

Ba za ni yaba ba. A gareji na karanta takardarka. Jirgi ba mota ba ne. A mota, tururin fetur ƙasa yake sauka, iska ta kwashe. A jirgi kuwa kwanciya yake, ba shi da wurin zuwa. Kai kuma ka kulle shi cikin akwati tare da batir da wayoyi. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Kana gani na cire lagireto na sa famfo mai jan ruwan gulbi, na mai da tanki can gaba, na naɗe kowace waya. Ba don ado na yi ba. Don kada wuta ta kama ku tsakiyar ruwa ne, da mata masu goyo waɗanda ba su iya iyo ba.

Ka cire akwatin nan yau. Ina haɗa maka bututun hayaƙi wanda ruwa ke bi ta cikinsa, zai rage ƙara ba tare da an toshe injin ba. Mai walda nake jira. In ka ƙi, wallahi za ni zo in kwance injina.

Yayanka,
Illo

Gatawa, Laraba

Yaya Illo,

Salama da fatan alheri. Faɗanka ya iso lafiya, ko ƙura bai kwasa ba.

Na ɗaga murfin akwati da safe, warin fetur ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Gaskiyarka ce. Na cire shi, yana nan tsakar gida kaji na hawa.

Amma ajiye jirgin ba ya yiwuwa. Gobe akwai marasa lafiya da za ni kai, cikinsu har da mai ciki da ta kumbura. Ban taɓa faɗa maka haka ba: ina jin tsoron kwanar nan, Yaya. Ka matsa wa mai walda don Allah.

Ka huta lafiya,
Kalilu

Gatawa, Asabar

Yaya Illo,

Assalamu alaikum. Ni ce Mardiyya.

Ƙanenka ya fita ran Alhamis, injin a buɗe kamar yadda ka ce. Bai kama wuta ba. 'Yan bindigar sun jiyo shi tun daga nesa, suna jira a kwana, sunka buɗe masu wuta. Kalilu ya ce kowa ya kwanta, shi bai saki sitiyari ba har sunka wuce. Fasinjoji duk sun tsira. Shi harsashi ya same shi, an rufe shi bayan la'asar.

Ban ɗora maka laifi ba, Allah ya sani, kuka dai nake.

Maƙwabcinmu Dalhatu zai ja jirgin jibi, don babu wata hanya. Ya ce in tambaye ka: a mai da akwatin, ko a bar shi a buɗe?

Allah ya ba mu haƙuri,
Mardiyya