Gwaggo ta ɗinke sa hannun kakana cikin laya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don raina a ɓace yake, kuma tsohuwar da ta ɓata shi ba wadda zan iya ɗaga wa murya ba ce.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Madawa, kuma shekaru da dama ina tara tsofaffin takardun da masu sana'ar ƙasarmu suka sa wa hannu zamanin Nasara, maƙera da masassaƙa waɗanda suka ƙago wani abu da basirarsu. Mutane dariya suke mini, wai mushe, wato malamin boko, mai tsince-tsince, ban damu ba. Wadda na fi ji da ita ta kakana ce, maƙeri a wani ƙauye kusa da Tabotaki. Wajen shekarun 1940, ana tsakiyar aikin tilas, shi ya ƙera wani ƙarfe mai juyawa da ake ɗora igiyar guga a kai, jaki ɗaya ya jawo ruwan da sai ƙarti uku. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya gani, ya sa ya ƙera wa rijiyoyin ƙasar, aka rubuta takarda da Faransanci cewa kakana ne ya ƙago abin, ya sa sunansa da ajami a ƙasa. Amma har yau tsofaffi "ƙarfen kumandan" suke ce masa. Haba jama'a! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da ƙyar na shawo kan masu wani gidan tarihi a Yamai, sun ce mako mai zuwa za su zo su ga takardar, in ta tabbata su rubuta sunan kakana. Kar ku ce fotokopi, ina da shi, sun ce sai ta ainihi.

To gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kaka, ta yi wata biyu a gidana tana jinyar ƙafa. Na nuna mata takardar, ta daɗe tana shafa ta. Bayan ta koma ƙauye na buɗe akwati, wayam. Na bi ta, sai na iske takardar a wuyanta. Ashe baduku ta kai wa, ya nannaɗe ta ƙanƙanuwa ya ɗinke cikin jar fata. Wallahi sai da idona ya rufe. Takarda mai shekara tamanin, ga zafin Adar, ga zufa, ina tawada za ta kai labari?

Mun yi ta sosai. Ta ce tun da ta rataya ta take takawa har kasuwa, in na farke ɗinkin ta kwanta, alhakin yana kaina. 'Ya'yanta suka taso mini, wai boko ya cinye mini kai. Ni kuma na ɗauka irin ta tsofaffinmu ce, duk abin da suka ga baƙaƙen Larabci a jiki sai su ce addu'a. Na zauna ina mata bayani kamar a aji, cewa babu aya ko ɗaya a ciki, maganar ƙarfe ce kawai da sunan mutum.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Mushe, mi ka ɗauke ni? Na san ba aya ba ce. Hannun ubana ne. Ina goye aka tahi da shi aikin hanya bai komo ba, ko kabarinsa ban sani ba. Kai sunansa kake nema, ni shi nike nema."

Duk da haka haushin bai tafi ba, don ba roƙona ta yi ba, ɗauka ta yi, kuma ni ma kakana ne. In na ƙyale, mutanen Yamai su juya, ƙarfen ya tabbata na kumandan. In na karɓa, sai dai na sa wuƙa a igiyar da ke wuyan tsohuwa mai jan ƙafa.

'Yan uwa, a cikin ku wa zai iya riƙe wuƙar nan?