Umma, Ɗoɗɗoyarki Ta Yi Saiwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda na saba, da fatan kina cikin yalwar rahamar Ubangiji a inda kike. Mu nan lafiya lau muke. Na rubuto ne in ba ki labarin ɗoɗɗoyarki, don na san da kina nan ita za ki fara tambaya kafin ki tambayi lafiyata.

Kin san inda kika bar ta, cikin tsohon bokitin fenti, gefen ƙofar ɗakinki a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Kin sha gaya mana daga gidan Kaka kika taho da reshenta lokacin da aka kawo ki. A kanta kike alwala, zaune a 'yar kujerarki, ruwan yana gangarowa daga gwiwar hannunki zuwa cikin bokitin. In muka yi miki tsiya sai ki ce, "Ruwan alwala ba na kwata ba ne."

Duk unguwa an san ki da wannan hali, kuma shi ya kusa raba mu da ita.

Ranar farko ta zaman makokinki, da azahar, Gwaggo Asabe ƙanwar Baba ta ɗauki buta ta tsuguna a kan bokitin tana hawaye. Sauran mata suka gani suka bi. Matan islamiyyarku, maƙwabta, dangin da suka zo daga ƙauye, kowace tana son ta yi miki abin da kike so. An ce har layi ake yi. Ni ina ɗaki ina amsa gaisuwa, ban san wainar da ake toyawa ba. Kafin a watse, bokitin ya zama kududdufi.

Da hankalina ya dawo na duba, ganyen ya yi ruwan ɗorawa ya langaɓe, gindin ya yi baƙi, ƙasar tana tsami. Na tona, saiwar ta ruɓe. Umma, na ji tsoro ƙwarai. An riga an raba zannuwanki da kwanukanki, ita kaɗai ce ta rage mai rai cikin abin da hannunki ke taɓawa kullum.

Can sama na ga reshe ɗaya kore, bai wuce tsawon yatsa ba. Sai na tuna abin da kike faɗa wa maƙwabta in sun zo roƙon iri: "Yanki ƙasan gaɓa, ki tsige ganyen ƙasa, kada tausayi ya hana ki." Na sa reza. Na yanke shi a hankali, kamar yadda nake lallaɓa majinyata in ina yi musu allura a asibiti. Na naɗe reshen a jiƙaƙƙen tsumma, na hau adaidaita sahu zuwa gidana a Tarauni ina riƙe da shi kamar jariri.

Na tsoma shi a kofin gilashi a bakin tagar kicin. Surukinki ya samu abin tsokana, wai na kwantar da sabon majinyaci wanda ba shi da ranar sallama. In na dawo daga aiki, ko hijabi ba na cirewa sai na leƙa. Shiru, shiru. Ita uwar a Gyaɗi-Gyaɗi ta bushe ƙarmas, har na fara fid da rai. Wata safiya na ɗaga kofin wajen haske, sai ga 'yan saiwoyi farare sirara kamar zare sun leƙo daga gaɓar. Na yi ta dariya ni kaɗai a kicin.

Yanzu tana cikin tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ta fitar da rassa. Alwalar asuba kawai nake yi a kanta, sauran sallolin ta haƙura.

Gwaggo Asabe kuwa tun da ta ji shukar ta mutu ta daina haɗa ido da ni. Duk wanda ta samu sai ta ce masa ita ta kashe miki abarki. Juma'ar da ta wuce na yanki reshe na kai mata. Ta murza ganye ta kai hanci, sannan ta ce ƙamshin ɗakinki ne. Na ja mata kunne a kan yawan ruwa. Ta rantse ko daga Makka baƙuwa ta zo, a bakin kwata za ta yi alwala.

To, Umma, kin ji. Ɗoɗɗoyarki tana gida biyu yanzu. Ina kewarki kullum, amma hankalina a kwance yake.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa wannan shuka shekara da shekaru. Duk wanda ya sha shayinta ya ji daɗi, Allah ya kai ladan gare ki. Gobe da asuba, in Allah ya kai mu, zan jawo 'yar kujerarki da na taho da ita daga gida, in zauna a gaban tukunyar.

'Yarki,
Hadiza