Ciyawa Tana Hutawa, Ƙwaurina Yana Ciwo

Ranar Asabar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yar jaririyarmu. Yaya aikin asibiti? Ni karatu lafiya lau, sai dai akwai maganar da nake so ta tsaya tsakaninmu.

Kin san an sa sunana a tseren mita dubu ɗaya da ɗari biyar na gasar makarantu. Mutum ɗaya kowace makaranta take bayarwa, kuma ni aka zaɓa. Saura mako biyar. Shekara biyu ina neman wannan gurbin, Yaya. A aji ko hannu ba na iya ɗagawa, amma in na shiga fili babu mai tuna cewa ni ce yarinyar nan mai sunkuyar da kai.

To, bana a makarantarmu za a yi gasar. Saboda haka aka kulle filin wasa da kwaɗo, ana ba ciyawa ruwa safe da yamma don ta yi kyau a idon baƙi. Mu kuwa aka kora mu titin simintin da ya zagaye ɗakunan kwana. Malamin wasanni ya ajiye kujera a bakin kicin, yana zaune da usur yana ƙirga mu. Da can zagaye huɗu muke yi a kan ciyawa. Ranar farko a siminti ya ce goma, kuma ko Lahadi babu hutu.

Yau kwana tara ke nan ƙwaurina na hagu yana ciwo, ta ciki, tun daga saman idon sawu. Da farko in jikina ya ɗumama sai ya lafa. Yanzu ko matakalar aji nake hawa sai na dafa bango. Na yi ƙarfin hali na gaya wa Malam. Bai ko dube ni ba, ya ce ƙafar ce take son jiki, in ta sha wuya za ta hankalta. Ya ƙara da cewa duk wadda ta rasa safiya uku zai soke sunanta. Mama mai kula da ɗakinmu kuma ta gasa mini da ruwan zafi, ta murza kwalba a kan ƙashin har sai da na ciji filo. Washegari ya fi da ciwo.

Raina a ɓace yake. Tun da a sashen gashin ƙashi kike aiki, ki rubuto mini sunan maganin da zai kashe zafin na mako biyar kawai. Don Allah kada ki gaya wa kowa, ko Umma.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

Ranar Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ki, don an koya mini gaisuwa. Da fatan kowa lafiya.

Magani na roƙa. Ban ce ki buga wa nas ɗin makaranta waya ba. Ranar Alhamis ina tsakiyar darasin lissafi aka aiko kirana, duk aji suka juyo suna kallona. Kin san yadda nake da kallo.

Nas ta bi ƙashin da babban yatsanta daga ƙasa zuwa sama, tana tambaya ina ne. Na nuna mata, wajen tsawon tafin hannu. Ta sa ni tsalle da ƙafa ɗaya, na yi, da zafi amma na yi. Ta ce na taki sa'a, naman da ke manne da ƙashin ne ya kumbura, ƙashin bai tsage ba tukuna. Da a wuri ɗaya tak nake jin ciwon, kamar an soka ƙusa, da sai hoto a asibiti. Sannan ta juya takalmina na kambas ta ga dunduniyar ta cinye, ta tambaye ni ko takarda nake takawa. Ta rubuta mako huɗu babu gudu.

Mako huɗu, Yaya! Ki lissafa da kanki ki ga abin da ya rage.

Na kai wa Malam takardar. A gaban kowa ya zaro biro ya ja layi a kan sunana, ya ce masu 'yan'uwa a asibiti su je su kwanta. Aka yi dariya. Ya ba Doguwa gurbina, wadda gadonta ke saman nawa, wadda ni na koya mata yadda ake numfashi a zagayen ƙarshe. Ta rungume ni tana ba ni haƙuri, bakinta kuwa ya kasa rufuwa.

Ina yin abin da nas ta ce, kada ki ɗauka don ke ne. Sau uku a rana ina karɓar ƙanƙara wajen mai dafa abinci, in naɗe a tawul in ɗora minti goma sha biyar. Ina tsayawa a bakin matakala ina ɗaga dunduniya ina saukewa a hankali. Takalmin da kika aiko ya iso, ya yi mini daidai. Ba zan ce na gode ba tukuna.

Amana na ba ki. Da kin fara gaya mini cewa za ki kira nas ɗin, da na yi kuka na gama a ɓoye.

Auta

Ranar Juma'a

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma haƙoran jaririya sun daina wahalar da ita. Wasiƙunki biyu sun zo. Na karanta, ban amsa ba da gangan.

Ƙafata da sauƙi. Tafiya ba ta mini ciwo yanzu. Shekaranjiya nas ta yarda in yi sassarfa ta minti biyar a 'yar ciyawar bayan ɗakin karatu, rana ɗaya in yi, rana ɗaya in huta, kuma kada in ƙara sai kaɗan-kaɗan.

Ga abin da ya faru. Ranar Litinin Doguwa ta biyo ni bayan kicin ta ce in ɗan sam mata ƙanƙara. Na ce ta nuna mini wurin. Da yatsa ɗaya ta nuna, Yaya. Na ce ta yi tsalle da ƙafar. Ta ɗaga ɗayar, ta tsaya, sai hawaye. Ta riƙe hannuna ta ce in rufa mata asiri, kwana goma sha biyu ne kawai, babanta ma zai zo kallo.

Kwana ɗaya na iya riƙewa. Ranar Talata na ga tana zagaye na bakwai tana jan ƙafa, Malam yana hura mata usur yana cewa ta daina rangwaɗa. Na wuce ɗakin nas. Na dai fara gaya wa Doguwa a bakin famfo cewa can za ni. Ta ce in na je ba ita ba ni. An kai ta hoto, ƙashin ya tsage. Ta dawo da sanduna, an sauko da katifarta ƙasa, kuma ta roƙa a kai ta can ƙarshen ɗaki.

Yanzu duk makaranta cewa ake na kai ƙararta don in karɓe gurbina. Jiya kuwa Malam ya tsayar da ni a gaban 'yan gudu, ya ce to uwar asibiti, buƙata ta biya, gobe in fito zagaye goma. Ko sunan Doguwa bai ambata ba.

Yaya, ina son tseren nan har cikin raina. Saura kwana takwas, ga takalmi sabo a ƙafata. Amma na ce masa ba zan yi ba. Na ce ƙafata ba ta warke ba, kuma simintin nan ya riga ya karya mutum ɗaya, ga wasu huɗu suna ɗingishi a bayansa in zai juya ya duba. Bai juya ba. Ya ce ni ba gudu ba, ko ruwa ba zan miƙa ba ranar gasa. Makarantarmu ba ta da kowa a wannan tseren ke nan. 

Har yau fushi nake yi, da shi, da masu ban ruwan ciyawa, da ke ma bai gama sauka ba. Amma ki gaya mini abu ɗaya, tun da kin riga ni sani. Doguwa tana juya fuska bango in na kawo mata abinci. In ci gaba da kaiwa, ko in bari sai ta neme ni?

Ki gaida Umma. Yanzu kina iya gaya mata.

Ƙanwarki,
Auta