Abin da ke Cin Kajina Yana Ƙarƙashin Tagar Jikana

An yi mini jika, namiji, kuma wani abu yana cin kajina a ƙarƙashin tagar ɗakin da yake kwana. Malama, ki taimake ni. Au, ko gaishe ki ban yi ba. Ina gaisuwa, ya iyali? Ki yi haƙuri, murna da tsoro ne suka haɗe mini, ga shi rubutun ma da furfurata na koye shi a ajin yamma, bayan na rufe shagon ɗinki.

'Yar tawa ita kaɗai Allah ya bar mana, kuma ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, har mun daina zancen. Mijinta direban babbar mota ne, yau yana nan gobe ba ya nan, shi ya sa ta dawo wurinmu da jaririn. Muka ba ta ɗakin baya don ya fi iska. Tsohuwata, wato uwargidana, sai rawar kai take, wai ta yi sabon miji mai gashi, ni mai sanƙo in nemi wuri. Na ce ta bari ya fara kawo cefane tukuna.

Kajin kuwa tun cikin yana ƙarami na saye su, don mai jego ta riƙa samun ƙwai sabo. Da hannuna na yi musu akurki a bayan gida, jingine da bangon wannan ɗakin, na kewaye musu fili da ragar waya. Ido ya gaza a kan keken ɗinki, amma hannu bai manta ba. Na auna, na yanka, na ɗinke mahaɗar ragar da basilla da zare mai kauri, sannan na kalmashe bakin ƙasa ta ciki kamar bakin wando, don kada tsinin waya ya ji wa kowa ciwo. Duk wanda ya gani sai ya yaba.

Makon jiya na fito da safe na tarar da farar kazata kwance babu kai, ƙofa kuwa a rufe. Sai 'yan tsaki suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Jiya na ga rami a gindin raga, ƙasa sabuwa, da 'yan sawun ƙafa, daidai ƙasan tagar. Maƙwabcina ya ce tunku ne. Mai kanti ya ce gafiya ce, ya ƙara da cewa inda ƙwai yake maciji ba ya nisa. Tagar ba ta da raga, in an rufe kuma yaron kuka yake saboda zafi. Abin da ya iya cire kan kaza, in ya hau wannan taga... hannuna ya ƙi rubuta sauran.

Tsohuwata ta ce a yanka kajin duka a huta. Surukina ya bugo waya ya ce a zuba guba. 'Yata kuwa na ga ta fara ninke kayan yaron tana sawa a jaka. In ta koma gidan mijinta, ita kaɗai za ta zauna da ɗanyen jego, kuma ni ne na kore ta da kajina. Ban san abin yi ba.

In abin ya gyaru, ke da duk masu karanta wannan fili ku zo ku ga yaron. Hancina ya ɗauko sak, duk da tsohuwa tana musu.

Tsohon tela, sabon kaka

AMSA

Baba, barka da arziki, Allah ya raya.

Ka fara da taga, yau ɗin nan, kafin komai. A sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, a toshe ƙasan ƙofar ɗakin da duk wani rami a bango, yaro kuma ya kwana cikin gidan sauro. Abin da ke haƙa ramin nan kaji yake nema, ba jikanka ba. Amma tsoronka ba na banza ba ne: tsaba tana kiran ɓera, ɓera da ƙwai suna kiran maciji.

Don haka Mama tana da rabin gaskiya. Ba sai an yanka kajin ba, amma akurki ba ya zama jikin ɗakin jariri. Ka mayar da shi can ƙarshen gida, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka kwashe tarin itace da bulo da ke kusa. Shawarar surukinka kuwa a bar ta. Gubar da aka zuba yau, kaza za ta iya tsattsaga, kuma ba da daɗewa ba yaron zai fara rarrafe.

Sai ɗinkin naka. Zare abin wasa ne ga haƙorin gafiya, ka sake haɗa ragar da waya, ka buga ta a katako da ƙusa. Ka sayi mai ƙananan idanu, wadda yatsanka ba zai shiga ba, don ta manyan idanu ake jawo kan kaza. Ka rufe saman filin saboda shirwa da muzuru, ka sa wa ƙofa sakata mai ƙarfi. Kafin rana ta faɗi a kwashe ƙwai da ragowar abinci, a kulle kajin ciki.

Kalmasar nan ce ta buɗe wa ɓarawon hanya. Ka juya ta waje: ka bar wa ragar saura kamar kamu ɗaya, ka shimfiɗa a ƙasa kewaye da filin, ka binne, ka danne da duwatsu. Mai haƙa a gindin shinge yake farawa, in ya ci karo da ƙarfe sai ya haƙura.

Kada ka roƙi 'yarka da baki. Ka kai ta ta taɓa ragar tagar da hannunta, ta ga inda akurkin ya koma, sannan ka bar ta ta yanke shawara. Ina kyautata zaton za ta zazzage jakar.

Gayyata kuwa na karɓa. Ka ajiye mini ƙwai, ni zan raba gardamar hancin. Allah ya tsare yaro da uwarsa, ya tsare kaji, ya ba ka barci mai daɗi.