Layin Baba

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

"Murja, bar mini wannan. Ana gama hutun Babbar Sallah, ranar da banki ya buɗe, ni da ke za mu je mu canza layin nan. In ban yi ba, ki ce ba ni ne Ubale ba."

Haka Yaya ya faɗa a zauren Inna, hannu a ƙirji. Yau wata huɗu. An cinye naman, an yi shuka, ga riɗi ana yanka. To yanzu wane suna zan kira ka da shi?

Abin ya taso mini ne a aji. Malam Abdulfatah ya ba mu jinga: kowa ya zaɓi wani kasuwanci na gaske, ya rubuta ƙofofin da ɓarawo zai bi ya shiga ba tare da ya taɓa kwaɗo ba. Yara suna ta waige-waige, ba su san inda za su samu ba. Ni kuwa dariya ta kusa kuɓuce mini. Siton riɗi da zoɓon da Baba ya bar mana ni da Yaya ai ƙofofi ne zalla, bango ne babu.

Asusun sito da sunanmu mu biyu yake. Amma layin da banki ke turo lambobin tabbatarwa, wanda da shi ake biyan manoma, na Baba ne. Sunansa, fuskarsa, katinsa na ɗan ƙasa. Baba kuwa shekara biyu ke nan a ƙasa. In wayar ta ɓata yau, babu mai karɓo layin sai mai shi ya je da kansa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Shekara arba'in da bakwai, ina koyon tsaron bayanai a hannun Malam Abdulfatah, wanda na koya wa raba lamba a aji biyu na firamare. Har yanzu miƙewa yake in na shigo. Ya zauna, don Allah, ya koyar.

Talata, 7 ga Oktoba

Na je sito da biro da takarda. Tambaya ɗaya na yi ta yi: wa ya san lambar sirrin wayar?

Mai awo ya sani. Direbobi biyu sun sani. Mai cajin waya na bakin tasha ya sani, don a wurinsa take wuni in babu wuta. Surukin Yaya na Gagarawa ya sani. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga kafin in gaji. Lambar kuma ita ce shekarar da Baba ya sauke farali, wadda duk dattijon Gumel zai faɗa maka in ka tambaye shi. Kuma don kada wani ya sha wahalar tambaya, an rubuta ta a farar takarda an manna a bayan wayar da salatif.

Na nuna wa Yaya. Ya ce, "Duk mutanen kirki ne."

Na ce, "Mai cajin ma?"

"Ubansa ya yi wa Baba dako shekara ashirin. Ke dai boko ya sa kin daina yarda da mutane."

Na ce yarda ba ta hana mutum rufe ƙofa. Ya ce in an gama kaka za mu je. Da Sallah ce, yanzu kaka. Gobe sai ya ce in rani ya shiga.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wuta ta ɗauke sau uku. Kwamfuta ɗaya, mu huɗu, kuma yaran nan "Mama" suke ce mini, su tura mini kujera kamar na zo awo asibiti. Ni na fi su maki a darasin sarrafa kuɗin kasuwanci, su duka.

Darasin yau ya tsaya mini a rai. Malam ya ce yawancin 'yan damfara ba na'ura suke fasawa ba, mutum suke fasawa. Su nemo abin da yake jin kunya ko tsoro, su shiga ta nan. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Laraba, 15 ga Oktoba



Da hantsi ina shanya sai ga Yaya a adaidaita, waya manne a kunne, yana ta "Amin, amin, na gode ƙwarai." Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce, "Karanto mini lambar da ta shigo, na bar tabarau a masallaci. Mutumin banki ne."

Na karɓa na saurara. Murya mai sanyi, Hausa tas. Wai sai yanzu labarin rasuwar Alhaji Ilu ya iso ofishinsu. Wai Alhaji ya taɓa yi masa alheri a kasuwar Maigatari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya albarkaci bayansa. Wai zai cire sunan marigayi daga asusu don kada a rufe, lamba shida kawai za a karanto masa.

Na ce, "Malam, a wane reshe kake? In zo in yi maka godiya da kaina."

Ɗif.

Minti ashirin Yaya ya yi da shi a waya. Na ce me ya hana ka kashewa? Ya dube ni kamar na zagi wani. "Mutum yana yi mini ta'aziyyar mahaifina in kashe masa waya?"

Ka ji ƙofar. Ba salatif ba, ba mai caji ba. Ta'aziyya. Da tabarau na aljihunsa, da yanzu kuɗin riɗin manoman Ɗanzomo kaf sun bi iska, mu tsaya muna kallon mutanen da suka ba mu amfanin gonarsu bisa sunan Baba.

Na ce masa abubuwa. Na ce layin matacce ne, a cire shi a jefa rijiya. Ya karɓi wayar ya goge ta da bakin riga ya sa aljihu. Ko kuɗin adaidaita ni na biya.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na ɓare salatif ɗin, na sa an canza lambar sirri. Kafin la'asar mai awo ya san sabuwar.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Zazzaɓi ya kwantar da Yaya, ga ranar kasuwar Maigatari. Dole ya aiko mini da wayar. Karo na farko da ta wuni a hannuna. Maɓallan sun goge, murfin da robar ɗauri, batirin ya kumbura.

Kira arba'in da wani abu. Babu wanda ya ce Ubale. "Gidan Alhaji Ilu?" Haka kowa ke farawa. Wani tsoho, Malam Abduljabbar daga wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, ya kira da wayar aro, buhu uku gare shi. Na ce Baba, in muka canza lamba zan aiko maka da sabuwa a rubuce. Ya yi dariya. Ya ce, "'Yata, wa zai karanta mini? Wannan Alhaji ne ya zaunar da ni a kan buhu ya yi ta maimaita mini har ta zauna. Ita kaɗai ce a kaina. Ko ta ɗana ban sani ba."

Ya karanto mini ita, da waƙa-waƙa kamar karatun allo.

Wannan duk ba hujja ba ce. Ana iya zagayawa ƙauyuka a sanar.

Ƙarfe ɗaya daidai wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Na duba. "Gida." Haka Baba ya ajiye sunan. Na kira, Inna ta ɗauka tana mamaki. Ta ce, "Au, ke ce? Ai ba a kira. Tuwo ne ya sauka."

Haka take yi wa Baba tun da ya sayi waya. Ƙara ɗaya, ya rufe sikeli ya taho. Ashe ba ta daina ba. Ashe shi ya sa kullum ƙarfe ɗaya Yaya ke ɓacewa daga sito, ni ina cewa lalaci ne.

Na je na ci tuwon. Miyar ta yi gishiri. Na cinye tas.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bayan aji na tsayar da Malam Abdulfatah, na ce wata ƙawata ce ke da matsala. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, ai ba sai ƙawar taki ta kashe layin ba. A raba aiki kawai. Banki ya koma sabon layi da ke kulle a gida. Tsohon a bar shi na gaisuwa da ciniki. A kai takardar shaidar rasuwa da rantsuwar kotu, a nemi mayar da shi sunan magaji."

Sai ya ƙara da cewa, "Yana shafi na tara a takardun da na raba."

Na duba. Yana nan. Har na ja masa layi da jan biro tun watan jiya. Wata huɗu ina cewa a canza layi, Yaya yana jin a kashe layi, ni ma kuma abin da nake nufi ke nan.

"A gaida ƙawar taki," in ji shi. "Allah ya jiƙan Alhaji." Mara kunya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na yi wa Yaya bayani dalla-dalla. Lambar na nan, Inna na nan, Malam Abduljabbar na nan. Sa hannu kawai nake so. Ya ce, "Sunan fa? In aka kira, sunan wa zai fito?"

Na ce sunan da mutum ya ajiye a wayarsa, shi zai gani.

Ya ce to, in Allah ya kai mu mako mai zuwa. Na san wannan "to" ɗin.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na karɓo rantsuwar kotu. Na sayi sabon layi, yana cikin gwangwanin allura a ƙasan akwatina. Jinga na miƙa, shafi goma sha huɗu. Ƙofa ta bakwai na rubuta "kunya", Malam ya fahimta ko kada ya fahimta.

Na aika wa Yaya saƙo, kuma na sa matarsa ta karanta masa don kada tabarau su sake ɓata: Litinin, uku ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe, ƙofar banki. Zan jira shi zuwa sha ɗaya. In bai zo ba, zan shiga ni kaɗai in sa a toshe biya ta waya gaba ɗaya, wannan sa hannun mutum ɗaya ya isa, na tambaya. Daga nan duk manomin da ya kawo buhu, Yaya ne zai bi layin banki da ƙafarsa ya karɓo masa, tsakiyar kaka, har ranar da ya ga dama ya sa hannu.

Na biya ta kasuwa na sayi sabon batiri na tsohuwar wayar. Don kada ta mutu a hannun mai caji ne, ba wani abu ba.

Ɗazu Yaya ya kira zai yi gardama. Na ga "Baba" a fuskar wayata. Na bari ta yi ƙara sau huɗu kafin in ɗauka.